Ɗan Hakin da Aka Raina: Dalilin Ƙara wa A-kori-kura Filta ta Biyu

Duk wanda ya tsaya a bakin Titin Zariya, daidai Gyaɗi-Gyaɗi, da sanyin safiya, zai ga yadda motocin a-kori-kura ke ɗauke da wani babban kaso na rayuwar birnin Kano. Wasu sun taso daga Kura da Kadawa da Kwanar Gafan maƙare da kwandunan tumatir, wasu sun nufi kasuwar Tarauni da buhunan hatsi, wasu na ma'aikatu ne, wasu kuma sun fito daga lungunan Babban Giji za su kai bulo da siminti bakin aiki. Da yawa daga cikinsu fetur suke sha, amma akwai masu shan man dizal, wanda direbobi ke kira gas, kamar wasu samfuran Toyota Hilux da Mitsubishi L200 da Isuzu D-Max. A bayan kowace irin wannan mota akwai gida guda, ko fiye, da ke cin abinci.

Idan injin ɗaya daga cikin motocin nan ya tsaya cak a tsakiyar hanya, asarar ba ta tsayawa ga kuɗin gyara. Tumatirin da ke baya ba ya jiran bakanike. Sau da yawa kuwa, idan aka bi diddigin abin da ya kwantar da injin, sai a tarar wani abu ne da ido ba ya iya gani: ƙwayar ƙura, ko ɗigon ruwa, ko wata ƙanƙanuwar halitta da ta yi gida a cikin tanki. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, a yanayin Kano da irin hanyar da mai ke bi kafin ya iso tanki, ya kamata mai a-kori-kura mai shan dizal ya ƙara wa motarsa matacin mai na biyu, wato abin da kanikawa ke kira filta, mai ɗauke da kofin ware ruwa. Amma akwai sharaɗi: sai in zai kula da ita. Filtar da aka ɗaura aka manta da ita, cutarta tana iya fin amfaninta.

Me Ya Sa Injin Dizal Ba Ya Jure Dauɗa?

Injin dizal ya samo sunansa daga Rudolf Diesel, wani injiniya Bajamushe da ya sami takardar mallakar fasaharsa a shekarar 1893, injin kuma ya yi aiki yadda ake so a 1897 a garin Augsburg. Bambancinsa da injin fetur shi ne ba shi da fulogin da ke ba da tartsatsi. Fistin ne ke matse iska matsewa mai tsanani har zafinta ya haura digiri 500 a ma'aunin Salshiyos, sannan a fesa mai a cikinta, shi kuma ya kama da kansa. Domin man ya ƙone sarai, wajibi ne ya fito kamar hazo, ta wasu ƙofofi masu tsananin ƙanƙanta da ke bakin injekta.

A tsofaffin injuna, famfon mai yana tura shi da matsin da ake aunawa da ɗaruruwan bar. Daga shekarar 1995 zuwa 1997, kamfanonin Denso na Japan da Bosch na Jamus suka fito da sabon tsari, inda famfo ke tara mai a cikin bututu guda na haɗaka, kwamfutar mota kuma ta riƙa buɗe injektoci tana rufewa. A wannan tsari matsin yakan kai bar 1,600 zuwa 2,500. Don mai karatu ya kwatanta, iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota ba ta wuce bar 2 zuwa 3 ba. Akasarin a-kori-kurar dizal da aka ƙera cikin shekaru ashirin da suka wuce da wannan tsari suke aiki.

Kafin ƙarfe ya riƙe irin wannan matsi ba tare da yoyo ba, dole tazarar da ke tsakanin sassansa masu motsi ta zama 'yar mitsitsiya. Ana auna ta da maikuron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin gashin kan mutum kimanin maikuron 70 ne. Idon mutum ba ya ganin abin da ya gaza maikuron 40. Jar ƙwayar jini tana da faɗin maikuron 7 zuwa 8. To, tazarar da ke cikin injektar zamani ba ta kai maikuron 5 ba. Ma'ana, ƙwayar ƙurar da ta fi ƙwayar jini ƙanƙanta ta isa ta karce ta. Bugu da ƙari, famfo da injekta ba su da wani man shafawa sai shi kansa dizal ɗin da ke ratsa su. Idan man ya gurɓata, abin sha da abin shafawa duk sun gurɓata a lokaci guda.

Abokan Gaba Uku

Na farko ƙura ce. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, ta lulluɓe Kano da hazo. A cikin wannan ƙura akwai ɓurɓushin ma'adinin yashi, wanda taurinsa ya isa ya karce ƙarfe. Ƙurar tana shiga mai ta bakin jarka, da mazurari, da tiyon da aka yar a ƙasa, da ƙofar numfashin tanki. Ga kuma tsawon tafiya: ko da yake akwai ma'ajiyar mai ta NNPC a Hotoro, cikin Ƙaramar Hukumar Tarauni, mafi yawan dizal ɗin da ake sha a Kano a cikin tankoki yake zuwa ta kan titi daga kudancin ƙasar nan, tafiyar kimanin kilomita 1,000. Daga jirgi ko matata zuwa ma'ajiya, daga nan zuwa tanka, zuwa rijiyar gidan mai, wani lokaci zuwa duro da jarkar 'yan bumburutu, kowace juyawa ƙofa ce ta shigar dauɗa.

Na biyu ruwa ne, shi ne kuma ya fi haɗari. Lita guda ta dizal tana da nauyin kimanin giram 830 zuwa 850, lita guda ta ruwa kuwa giram 1,000. Saboda haka ruwa, wanda ba ya gauraya da mai, nutsewa yake yi ya kwanta a ƙasan tanki, daidai inda bututu ke zuƙar mai. Hanyoyin shigarsa biyu ne. Akwai ruwan sama da ke kutsawa cikin rijiyoyin mai da durorin da aka bari a waje, musamman a watan Agusta lokacin da damina ta kankama. Akwai kuma raɓa. Tankin da ba a cika ba yana shaƙar iska yana fitarwa. Da dare ya yi, ƙarfe ya huce, sai laimar da ke cikin iskar ta zama ɗigo a jikin bangon tanki, kamar yadda kwalbar lemo mai sanyi ke yin zufa. Ruwan da ya isa famfo yana wanke maiƙon da ke kare ƙarfe, ya kawo tsatsa, tsatsar kuma ta zama sabuwar dauɗa.

Na uku shi ne wanda ya fi jan hankalin ɗalibin kimiyyar halittu, domin mai rai ne. Yawancin mutane sun ɗauka babu abin da zai rayu a cikin dizal. Haƙiƙa kuwa, dizal abinci ne ga wasu ƙananan halittu, tun da asalinsa daga ragowar halittun da suka mutu miliyoyin shekaru da suka wuce ne. Akwai wata funfuna mai suna Hormoconis resinae, wadda ta yi ƙaurin suna a tankunan jiragen sama, da kuma bakteriya irin su Pseudomonas. Waɗannan halittu suna zama ne a kan iyakar da ruwa da mai suka haɗu: suna sha daga ƙasa, suna ci daga sama. Wasu direbobi kan ce gansakuka ce ta fito a tanki, amma gansakuka ba ta rayuwa sai da hasken rana, cikin tanki kuwa duhu ne.

Ɗumin ƙasar Hausa ya dace da su ƙwarai. Alal misali, a ƙaddara ƙwayar bakteriya guda tana rabuwa biyu duk bayan sa'a shida. A cikin kwana biyar za ta rabu sau 20, ta haifar da ƙwayoyi fiye da miliyan ɗaya. Yayin da suke yaɗuwa suna saƙa wani baƙin yauƙi mai danƙo wanda ke toshe filta, suna kuma fitar da sinadarai masu tsami da ke cin ƙarfe. Wasu bakteriyar da ke zama can ƙasa, inda babu iskar shaƙa, su ke sa tanki ya riƙa warin ruɓaɓɓen ƙwai. Muhimmin darasi a nan shi ne, in babu ruwa, waɗannan halittu ba sa iya yaɗuwa. Wanda ya fitar da ruwa daga mai ya yi maganin abokan gaba biyu da jifa ɗaya.

Darasi daga Jikin Ɗan Adam

Mai tambaya zai ce, ai kowace mota da filtarta ta zo daga kamfani, mene ne amfanin ƙari? Amsar tana cikin jikin mai tambayar. Iskar da mutum ke shaƙa ba a tace ta sau ɗaya. Gashin hanci yana tare manyan ƙwayoyin ƙura. Majina da wasu ƙananan gasu masu kaɗawa a cikin maƙogwaro suna kama matsakaita su turo su waje. Ragowar da ta kai cikin huhu kuma wasu fararen ƙwayoyin jini ne ke haɗiye ta. Kowane mataki yana rage wa na gaba da shi nauyi. Da a ce huhu ne kaɗai zai yi wannan aiki, da hunturu guda ya ishe shi. Mai koko ma ta san wannan hikima: sai ta tsince gero ta rege tsakuwa kafin a kai niƙa, sannan ta tace gasara da ƙyalle mai laushi.

Haka filta ta biyu take. Ana ɗaura ta tsakanin tanki da filtar kamfani, ta zama mai tsaron ƙofar farko. Takardar da ke cikinta tana tare ƙwayoyin da suka kai maikuron 30, ko 10, gwargwadon wadda aka zaɓa. An kuma sarrafa takardar yadda ƙananan ɗigon ruwa za su riƙa haɗuwa da juna har su yi nauyi su faɗa cikin kofin da ke ƙasa. Kofin garau yake, ana ganin cikinsa, yana da ɗan famfon tsiyayewa. Da haka filtar kamfani, wadda ƙofofinta suka fi ƙanƙanta kuma ta fi tsada, sai ta fuskanci aikinta na kama 'yan mitsi-mitsin da suka rage.

Akwai wata kamanceceniya kuma da ƙoda. Ƙodojin mutum biyu, kowace da ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya, suna tace ruwan jini kimanin lita 180 a yini, alhali fitsarin da ke fita kimanin lita ɗaya da rabi ne kawai, domin mafi yawan ruwan da aka tace komawa cikin jini yake yi. Famfon dizal shi ma yana zuƙo man da ya fi wanda injin ke ƙonawa, ragowar ta koma tanki ta wani bututu. Ke nan man yana ratsa filta sau da dama, tankin kansa yana ƙara tsabta a hankali. Wannan ne kuma ya sa ba a zaɓar filta da lissafin man da mota ke sha, sai da lissafin man da famfo ke ja. Amma akwai bambanci guda mai girma: ƙoda tana zubar da abin da ta tace, filta kuwa tarawa take yi. Ba ta da mafitsara sai hannun mai mota.

Hujjojin Masu Suka

Akwai masu ganin wannan ƙari ɓata kuɗi ne, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Hujja ta farko ita ce injiniyoyin da suka ƙera motar sun fi bakaniken bakin titi sanin abin da ya dace da ita. Wannan gaskiya ne. Hasali ma, filtar kamfani ta yawancin waɗannan motoci tana da nata wurin tara ruwa, da fitilar gargaɗi a gaban direba. Sai dai wurin ƙarami ne, an kuma tsara shi da zaton man da zai shigo ya cika ƙa'ida. Jarka guda ta gurɓataccen mai tana iya cika shi kafin direba ya ankara. Ban da haka, motoci da yawa na hannu ne, 'yan Kwatano, waɗanda tankunansu suka riga suka tara laka, wasu ma fitilar gargaɗin ta daɗe da mutuwa.

Hujja ta biyu ita ce kowace filta tana rage gudun mai, kowane mahaɗi kuma ƙofa ce ta shigar iska. Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa ingancin aiki ya zama wajibi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauko filta mai maikuron 2 a sa ta a farko, da tunanin mafi laushi shi ne mafi kyau. Irin wannan nan da nan take toshewa, famfo ya riƙa ja da ƙyar, har ya lalace saboda yunwar mai. Wasu masana sun fi son a sa mai laushin a bayan ta kamfani. Wannan tsari yana da amfaninsa, amma duk dauɗar da ta faɗa cikin tiyo a lokacin ɗaurawa kai tsaye za ta wuce famfo. Inda ruwa ne babbar matsala, ta farko mai kofi ita ta fi cancanta.

Hujja ta uku garanti ce. Wanda ya sayi sabuwar mota daga dila, ya tambaya kafin ya taɓa bututun mai, don kada ya zubar da haƙƙinsa. Hujja ta huɗu kuɗi ne. Amsarta ita ce a je kasuwar Ƙofar Ruwa a tambayi farashin filta da mariƙinta, sannan a tambayi farashin injekta huɗu da famfo. Tazarar da ke tsakaninsu ninki-ba-ninki ce, ba a ma sa kwanakin da mota za ta yi a gareji ba.

Yadda Ya Kamata a Ɗaura Ta

Aikin na ƙwararren bakaniken dizal ne, amma ya kamata mai mota ya san abin da zai sa wa ido. Da farko a sayi ta gaske. Kamfanoni irin su Racor da Donaldson da Fleetguard da Mann sun shahara a wannan fanni, saboda haka ne ma ake yawan kwaikwayon kayansu. Ta jabu takardarta kaɗan ce, mannin bakinta kuma yakan saki, mai ya riƙa wucewa ta gefe ba tare da an tace shi ba. Araha ba ta ado.

A zaɓi wurin da filtar za ta tsaya a miƙe, kofinta a ƙasa, inda ido zai gan shi kuma hannu zai kai ga famfon tsiyayewa. A nisanta ta da salansa da duk wani wuri mai zafi. A ɗaure ta da mariƙin ƙarfe mai ƙwari, ba da waya ko igiyar roba ba, domin girgizar hanya tana tsinka abin da bai ɗauru ba. Tiyon ya zama irin na mai, faɗinsa daidai da na asali, kada ya lanƙwashe ko ya riƙa gogar ƙarfe. A bi alamar kibiya da ke nuna mashiga da mafita. A shafa wa zoben roba dizal mai tsabta kafin a ɗaure. Bayan an gama, a yi amfani da famfon hannu a fitar da iska, a tayar da injin, a duba kowane mahaɗi ko yana naso.

Abubuwa uku ne ba a yi. Ba a cire filtar kamfani don an sa sabuwa. Ba a cika sabuwar filta da man jarka kafin a ɗaura, domin man da aka zuba ta tsakiya ya tsallake takardar. Ba a kuma kwance bututun ƙarfe na injekta, ko a lalubi yoyo da yatsa, alhali injin zamani yana aiki. Man da ke fita da irin wancan matsi yana huda fata kamar allura, yana iya sa a yanke yatsa ko hannu.

Kulawa Ita Ce Rabin Aikin

Tarihin lafiya a ƙasar nan ya nuna abin da mataci ke iya yi idan an riƙe shi da gaske. A binciken da aka fara a 1988, an sami mutane fiye da 650,000 masu fama da kurkunu a Nijeriya. Cutar ba ta da allurar rigakafi. Ɗaya daga cikin manyan makaman da aka yaƙe ta da su shi ne ƙyallen tace ruwa, wanda ke tare ƙananan ƙwarin ruwan da ke ɗauke da tsutsar. An ga mai cutar na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar da kawar da ita daga ƙasar a 2013. Raba ƙyallen kawai bai isa ba; sai da ma'aikata suka riƙa bin ƙauyuka suna duba wanda ya yage, suna koya wa mutane tacewa kullum. Filtar mota ma ɗabi'a take buƙata.

Kowace safiya, lokacin da direba ke duba ruwan lagireto da baƙin mai, ya leƙa kofin. Ruwa yakan kwanta a ƙasa, da layi a fili tsakaninsa da mai. In ya gani, ya kashe injin, ya tara gwangwani, ya buɗe famfon har sai mai zalla ya fara fita. Da damina, da kuma duk ranar da aka sha mai a wurin da ba a saba ba, a ƙara yawan dubawa. Abin da aka tsiyaye kada a zuba shi a kwata ko kusa da rijiya. A tara shi a kai inda ake karɓar tsohon baƙin mai.

Takardar ciki kuma a canza ta a kan ƙa'idar da masu ƙera ta suka rubuta, a kuma gaggauta in man da ake samu ba shi da kyau. A tanadi ɗan littafi a rubuta ranar canji da adadin kilomita. A ajiye sabuwa guda a cikin mota, a cikin ledarta, musamman in za a yi doguwar tafiya. Alamomin toshewa sanannu ne: mota ta rasa ƙarfi a hawa ko da kaya, ta riƙa shiɗewa, ko ta yi wuyar tashi. Idan haka ta faru, magani shi ne canji. Wanke tsohuwar takarda da fetur, ko busa ta da iska, ko huda ta da ƙusa don mota ta ƙarasa gida, duk buɗe wa dauɗar wata da watanni ƙofa ne ta afka wa injekta a lokaci guda. Filtar da ta toshe ba ta gaza ba, aikinta ta yi.

In aka ga baƙin yauƙi a kofi, ko sabuwar takarda ta toshe cikin 'yan kwanaki, to halittun nan sun kafa gari, sai an sauke tanki an wanke. Akwai magungunan kashe su da ake zubawa a mai, amma guba ne, kuma gawarwakin da suka bari su ma suna toshe filta. Rigakafi ya fi magani: a kwana da tanki a cike don rage raɓa, a guji shan mai a daidai lokacin da tanka ke juye wa gidan mai, domin lakar ƙasan rijiya ta tashi, a kuma bar man duro ya kwanta kafin a ɗiba daga sama.

Abin da Filta Ba Ta Iyawa

Kada a ɗauki filta a matsayin laya. Tana kama abin da ke yawo a cikin mai ne, ba abin da ya narke a ciki ba. Wanda ya tace ruwan gishiri da ƙyalle, ruwan gishiri zai sha. Idan algungumi ya surka dizal da kananzir, man zai ratsa kowace irin takarda, ya je ya cinye famfo saboda ƙarancin maiƙo. Haka ma sinadarin salfa, wato farar wuta. A shekarar 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoto a kan ƙazamin dizal da ake sayar wa ƙasashen Afirka. A lokacin, ƙa'idar Nijeriya ta yarda da salfa har kashi 3,000 cikin miliyan, alhali ta Turai kashi 10 ce. Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta sa iyakar a kashi 50, ta kuma kafa hukumar NMDPRA mai sa ido a kan tacewa da rarraba mai.

Wannan fage na hukuma ne. Auna ingancin man da ke gidajen mai, da duba rijiyoyinsu ko ruwa na shiga, da kama masu shigo da filtocin jabu, aiki ne na NMDPRA da hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki. Bai dace a bar wa direban da ke neman na cefane nauyin gyara abin da ya lalace tun daga sama ba. Sai dai kafin kowa ya sauke nauyinsa, mai mota ba zai zauna jira ba.

Ga Malamai da Ɗalibai

Wannan batu darasi ne da ya haɗa kimiyyar halittu da ta sinadarai da lissafi, kayan aikinsa kuma suna nan a garejojin Gyaɗi-Gyaɗi da Unguwa Uku. Malami yana iya karɓo tsohuwar filta, a bar ta ta tsane, ya yanka ta a gaban aji, a warware takardar a auna tsawonta da faɗinta. Ɗalibai za su ga yadda naɗe-naɗe ke cusa fili mai faɗi a cikin ɗan ƙaramin gwangwani, dabarar da ake gani a cikin huhu da hanji. Yana kuma iya zuba dizal kaɗan a kwalabe biyu, a ƙara wa ɗaya cokalin ruwa da ɗan ɓurɓushin ƙasa, a bar ɗayar haka nan, a ajiye su a inuwa nesa da wuta, a riƙa duba iyakar ruwa da mai duk mako ana rubuta abin da aka gani. Sharaɗi shi ne malami ya tsaya a kai, a sa safar hannu, a kuma buɗe tagogi.

Da yawa daga cikin ɗaliban sakandare 'ya'yan direbobi ne da manoma da kanikawa, ko masu injin ban-ruwa da janareta da tarakta, waɗanda duk wannan bayani ya shafa. Ɗalibin da ya koma gida ya nuna wa mahaifinsa layin ruwa a ƙasan kofin filta, ya kuma bayyana masa abin da ke rayuwa a kan layin, ya mayar da karatunsa abin amfani tun kafin ya karɓi takardar shaida. Filtar ƙarfe da takarda ce kawai. Idon da ke leƙa ta kowace safiya shi ne ke tsare injin.